Idan Wutsiyar Ƙaramin Jirgi Ta Ƙi Tsayawa

Jirgin ya ɗaga lafiya lau, ya tsaya a iska daidai ƙirjin mutum, amma wutsiyarsa ta ƙi zama wuri ɗaya. Ta yi dama, ta yi hagu, ta sake yin dama, da sauri, tare da wata 'yar ƙara mai hawa da sauka. Mai riƙe da rimot bai taɓa komai ba. Yara na dariya suna cewa jirgi na rawa, shi kuwa gabansa na faɗuwa, don ya san kuɗin da ya zuba. Wannan kaɗawar wutsiya tana cikin abubuwan da suka fi addabar masu ƙananan jirage masu saukar ungulu na batir a ko'ina a duniya. Abin da akasari ake fara yi shi ne a hau murɗa saitin rimot, a rage nan a ƙara can, har a rikita abin da ya zo daidai daga kamfani. An bar jaki ana dukan taiki. A ƙasa irin tamu ta gabashin Sakkwato, inda ƙura da zafi da bushewar iska ke cin ƙarfe da roba, laifin ya fi zama a jikin jirgin kafin a zo ga saiti.

Sai dai a fara sanin wane irin jirgi ke hannu. Wanda aka fi gani a Wurno ko Rabah ko Goronyo, tsarabar mahajjata ko ta masu fatauci zuwa Kano, shi ne ɗan ƙarami mai farfela hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, irin su Syma S107. Hawan sama na juyawa ta wata fuska, na ƙasa ta kishiyarta, don haka suna kashe ƙarfin juna. 'Yar farfelar wutsiyarsa kwance take tana kallon sama, aikinta kawai ta tura shi gaba ko baya. Irin wannan ba ya kaɗa wutsiya yadda muke nufi. In ya ɗauki juyi da kansa, to ɗaya daga cikin manyan injinansa biyu ne ya gaji, ko gashi da zare sun naɗe sandar. Rimot ɗinsa kuma da haske marar ganuwa yake magana, irin na talabijin, shi ya sa da an fita da shi rana sai ya daina jin umarni. Maganarmu a kan masu farfela hawa ɗaya ce, kuma su ma iri biyu ne. Akwai wanda ke da ɗan injin lantarki na kansa a ƙarshen wutsiya. Akwai kuma babba kaɗan, irin T-Rex 450 na kamfanin Align na Taiwan da masu kwaikwayonsa, wanda bel ko doguwar sanda ke ɗauko ƙarfi daga babban inji ta cikin bututun wutsiya.

Me ya sa ma jirgin ke bukatar wutsiya? Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai wancan ta ɗaya ɓarin. Inji na juya babbar farfela ta dama, ita kuma tana ƙoƙarin juya gangar jirgin ta hagu. Ba don farfelar wutsiya da ke tura iska gefe ba, da jirgin ya riƙa katantanwa a sama har ya faɗo. Igor Sikorsky ne ya tabbatar da wannan tsari a Amurka da jirginsa VS-300 a 1939, kuma har yau shi ne aka fi bi. Ko Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero da ya ba duniya mamaki a 2007 da jirgin da ya haɗa a Kano da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, wannan doka ce ke gabansa, kuma jirgin nasa bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Ɗaga jirgi mai saukar ungulu aikin ƙarfin inji ne. Riƙe shi ya fuskanci wuri ɗaya shi ne mai wuya, domin ƙarfin da ke neman juya gangar ba ya tsayawa a ma'auni guda. Da an ƙara wuta ya ƙaru, da an rage ya ragu, da iska ta bugo daga gefe lissafi ya canza.

A babban jirgi, ƙafafun matuƙi ne ke wannan gyara ba ƙaƙƙautawa. A ƙarami kuwa, abin ya fi ƙarfin yatsa. Lokacin da Dieter Schlüter na Jamus ya fito da jirgi mai saukar ungulu na rimot na farko mai tashi sosai a wajejen 1970, da yatsa ake riƙe wutsiya, kuma kaɗan ne ke iyawa. Daga baya aka kawo jairo, na'urar da ke jin juyi. Na farko wani ɗan faifan ƙarfe ne mai nauyi da ke juyawa cikin akwati. Na yanzu ɗan guntu ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ɗan'uwan wanda ke cikin wayar hannu. Da ya ji hancin jirgi ya kauce, sai ya aika saƙo ga sarbo, wato ɗan injin da ke ja da tura sandar wutsiya, a ƙara ko a rage karkatar fuka-fukan baya. Yana yin haka sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya.

A nan gizo ke saƙa. Tsakanin jin kaucewar da isar gyaran akwai ɗan jinkiri. In jinkirin ya yi yawa, ko gyaran ya yi ƙarfi, kafin wutsiya ta dawo tsakiya ta riga ta ɗauki gudu, sai ta wuce. Jairo ya ji ta wuce, ya turo ta baya da ƙarfi, ta sake wucewa. Haka za su yi ta yi. Duk manomin rani a fadamar Wurno ko ta Goronyo ya san wannan a injin ban-ruwa: wata rana injin zai kama hawa da sauka, ya yi kuka ya lafa, ya yi kuka ya lafa, alhali ba wanda ya taɓa shi. Gwamnan injin, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, shi ne ke neman daidai yana wuce wuri. Bakaniken kirki ba ya fara da lanƙwasa sifirin ɗin gwamna. Kafireto yake fara kwancewa ya wanke, ya duba ko sandar ta cije ko ta yi lako-lako, don ya san gwamnan lafiyarsa ƙalau, abin da ke hannunsa ne ba ya amsawa a kan lokaci. Cutar ɗaya ce, kuma tsohuwa ce, tun 1868 James Clerk Maxwell ya yi mata lissafi a kan gwamnan injinan tururi.

Saboda haka kafin a ɗauko sukundireba, a tsaya a kalli irin kaɗawar, domin kowace da abin da take nunawa. Mai sauri sosai, kamar kakkarwa, wadda ke ƙaruwa in an ƙara gudun farfela, yawanci kaifin jairo ne, wato ƙarfin gyaran da yake aikawa, ya yi yawa ko girgiza ce ke rikita shi. Mai nawa, wadda wutsiya ke tafiya a hankali ta dawo a hankali, ta fi nuna wani abu na cijewa, ko kaifin ya yi ƙasa ainun. Wutsiyar da ke zaune lafiya sai an ba da wuta ta fizge gefe guda, wannan rashin ƙarfi ne: bel na tsallake haƙori, ko batir ya gaza, ko fuka-fukan baya ba su samun isasshiyar karkata. In kuwa da ɗagawa jirgin ya kama katantanwa da gudu, jairo ne aka saita a juye, yana ƙara wa kuskure ƙarfi maimakon rage shi. A riƙe jirgin a hannu, a juya hancinsa hagu da sauri, a ga ko sarbo ya motsa yadda yake motsawa in an tura sandar rimot dama. In ya yi akasin haka, a juya saitin.

Kafin kowane aiki a kan tabarma ko tebur, a zare wayoyin babban inji ko a cire manyan fuka-fukai. Na jirgi mai girman 450 suna juyi wajen 2,500 zuwa 3,000 a minti ɗaya, na wutsiya kuma sun ninka haka fiye da sau 4. Ba abin wasa ba ne, suna yanka har ƙashi.

Gwajin da ya fi kowane amfani ba ya cin ko kwabo. A ɓalle sandar wutsiya daga hannun sarbo, a riƙe ta da yatsu biyu, a tura a jawo. Ya kamata ta tafi sumul daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba tsayawa, ba ƙaiƙayi. In an ji ta ɗan cije a wani wuri, an gano ɓarawon. Sau da yawa ɗan zoben da ke zamewa a kan sandar farfelar baya ne ya yi datti. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kwaso mana ƙura mai laushi tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma ba ramin da ba ta shiga. Kuskuren da muke yi shi ne zuba mai. Mun saba da keke da babur, da abu ya yi ƙara sai a ɗiga masa baƙin mai ko a shafa giris. A nan mai da ƙura ne ke haɗuwa su zama taɓo, su riƙe zoben, su kuma riƙa cin ƙarfen a hankali. A wanke wurin da sifirit da tsohon burushin haƙori, a bar shi ya bushe. In ya zama dole, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa, shi ma a goge shi har sai ƙyalli kawai ya rage. A lokacin ƙura, ni na fi son a bar shi a bushe a riƙa gogewa bayan kowane tashi.

A bi sandar kuma a duba 'yan zobban da ke riƙe ta a jikin bututu, ko sun jeru a layi ɗaya. In ɗaya ya karkace, sandar na lanƙwasa tana gogar sa. A duba kusoshin da ke riƙe fuka-fukan baya: kada a ɗaure su tamau, kada kuma ɗaya ya fi ɗaya ɗauri. Kishiyar cijewa ita ce lako-lako. A riƙe hannun sarbo da yatsa kada ya motsa, a girgiza fiffiken baya. In yana wasa da yawa, to sarbo na motsi amma saƙon na ɓacewa a hanya, kuma wannan jinkiri ne tsagwaronsa. 'Yan kofunan roba da ke kama ƙwallayen ƙarfe su ne ke buɗewa da tsufa, zafi kuma na gaggauta musu. Sai canji.

Bel na da nasa halin, kuma yanayinmu na taɓa shi ta hanya biyu. Bututun wutsiya na alminiyam ne, yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Bel ɗin da aka ɗaure daidai da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, zai yi sako-sako da sanyin asubar Janairu. Wanda aka ɗaure da sanyi kuma zai yi tauri da rana ya riƙa jan boris. A danna shi da yatsa kafin kowane tashi: ya ɗan lotsa, amma kada ya taɓa ɗan'uwansa na ɗaya ɓarin cikin sauƙi. Hanya ta biyu ba kowa ya san ta ba. Kowa ya taɓa jin ɗan tartsatsin da ke harbin yatsa in an cire rigar leda ko an taɓa ƙofar mota da hunturu. Bel ɗin roba da ke gudu cikin bututu a busasshiyar iska yana tara irin wannan lantarki, in ya cika ya yi tsalle zuwa jikin jirgin, sai jairo ko na'urar karɓar saƙo ta ruɗe na ɗan lokaci. Alamarsa wutsiya ta riƙa fizga jefi-jefi ba tare da tsari ba, musamman a ranar da iska ta bushe ƙayau. Maganinsa ɗan feshin silikon a kan bel, da kuma siririyar waya da za a haɗa bututun da mazaunin inji, a ɗan kankare fentin wurin don ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Duk mai gyaran waya a kasuwar Acida zai iya wannan.

Sai girgiza. Jairo ba ya bambance juyin gaske da rawar jiki, duk abin da ya ji gyara yake aikawa. Jirgin da ya taɓa faɗuwa, ko da sau ɗaya ne a kan yashi, a zarge shi da lanƙwasar sanda. A zare sandar a mirgina ta a kan gilashi ko madubi, in ta yi ɗingishi ta tashi aiki, kuma miƙe ta da guduma ɓata lokaci ne. A auna fuka-fukai biyu a ga ko nauyinsu ɗaya, in ɗaya ya fi sauƙi a liƙa masa ɗan salatif. Boris ɗin da yashi ya shiga ana jin sa a yatsa yana ƙaras-ƙaras. Abin da aka fi mantawa shi ne ɗan soson nan mai gam fuska biyu da jairo ke zaune a kai. An yi shi ne ya shanye girgiza. Jirgin da aka bari cikin mota ko ɗakin kwano da bazara, gam ɗin na narkewa, jairo ya riƙa lilo a mazauninsa. A taɓa shi da yatsa, in yana rawa a sake sabon soso. Kada a maye shi da gam mai ƙarfi, don shi kai-tsaye zai miƙa wa jairo duk girgizar jirgin. Wayar jairo ma a bar ta da ɗan sassauci, kada a ɗaure ta tamau.

Masu ɗan inji a wutsiya nasu ya fi sauƙin ganewa, ya kuma fi saurin dawowa. Irin wannan inji mai gawayi a ciki yana da gajeren kwana, ƙura da zafi na ƙara rage masa. In ya fara gajiya ba ya ɗaukar gudu da sauri yadda jairo ke so, sai kaɗawa ta fara, daga baya jirgin ya riƙa juyawa in an ba da wuta. A duba ko farfelar ta tsage ko tana zamewa a kan sandarta, a duba ko siraran wayoyin da ke bi ta bututu sun goge. In duk lafiya, injin ne. A bar shi ya huce tsakanin batir da batir, kuma mai sayo kaya daga Kano ko Legas ya sayo biyu ko uku lokaci guda, don abu ne mai ƙarewa. Wajen liƙa sabo da dalma a kula da launin wayoyi, in aka juya su farfela za ta juya a baibai.

Batir ma na da hannu. Kowane ɗaki na batirin lipo yana cika a bolt 4.2, kuma bai kamata a sauke shi ƙasa da wajen 3.3 ba. In kaɗawar ba ta zuwa sai ƙarshen tashi, wutar ce ta yi ƙasa. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kuma yana iya kamawa da wuta, kada a yi cajinsa a ɗakin kwana ko kusa da rumbu.

Sai an gama duk wannan ne ake zuwa ga saiti, kuma a lokacin aikin ba ya da yawa. A tabbata hannun sarbo na tsaye daidai, ya yi kusurwar digiri 90 da sandar in komai na tsakiya. Hannun na da ramuka a jere. In an maƙala sandar a ramin da ya yi nisa da tsakiya, ɗan motsi kaɗan na sarbo zai zama babba a wutsiya, sai jirgin ya yi ta kaɗawa ko an rage kaifi sosai. Matso da ita rami ɗaya ciki na warkar da jirage da yawa. A kuma tabbata an gaya wa jairo irin sarbon da ke jikinsa. Akwai mai karɓar saƙo na 1520, akwai na 760, akwai na dijital mai sauri, akwai tsohon yayi mai nawa. In aka aika wa tsohon yayi saƙo da saurin na dijital, zai yi zafi ya ƙone. Sarbo mai nawa kuwa ba saitin da zai mai da shi mai sauri, dole a haƙura da ƙaramin kaifi ko a sayi wanda aka yi don wutsiya.

Jairo na aiki iri biyu. A na farko yana rage saurin juyi ne kawai, iska na iya juya hancin jirgi a hankali. A na biyu yana riƙe alƙibla, in an ture shi ya dawo inda yake. A rimot da yawa lamba 50 ce iyaka tsakaninsu, sama da ita riƙe alƙibla, ƙasa da ita na farko, wasu kuma daga sifili suke ƙirgawa sama da ƙasa, don haka lambar da ta yi wa wani aiki ba lallai ta yi wa kowa ba. A fara da kaifi kaɗan, a ɗaga jirgin, a sauke, a ƙara maki 2 ko 3, a sake ɗagawa. Haka har wutsiya ta fara kakkarwa, sai a koma baya da maki 4 ko 5. Daga nan a gwada shi da gudu da kuma fuskantar iska, domin wutsiyar da ta natsu a tsaye tana iya kaɗawa in iska ta ƙara wa farfelar baya ƙarfi. In an ƙara gudun babbar farfela, kaifin na bukatar raguwa. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta lambar da aka baro a takarda. Wanda ya canza uku lokaci guda, ko jirgin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba. Bayan an haɗa batir kuma a bar jirgin a ajiye 'yan daƙiƙoƙi kada a taɓa shi, lokacin ne jairo ke gane tsakiyarsa. In daga ɗaki mai sanyi aka fito da shi rana, a ba shi 'yan mintoci jikinsa ya saba.

Wurin gwaji shi ma a zaɓe shi. Da sassafe ko bayan la'asar iska ta fi kwanciya. A shimfiɗa tabarma ko faifan katako a tashi daga kai, don farfela na tayar da yashi ta cusa shi daidai inda aka gama wankewa. Filin ƙwallo ko gonar da aka girbe sun fi tsakar gida, kuma yara su tsaya bayan mai tuƙi. Filin da ke kusa da madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, yana da faɗi da ban sha'awa, amma wuri ne na gwamnati da ake tsaro. A watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta hana tayar da jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. A halin da yankin nan ke ciki, abin da ke shawagi a sama yana tayar da hankalin jama'a da na jami'ai, ko da na wasa ne. A sanar da mai unguwa, a nisanci shingen jami'an tsaro da kasuwa da taron jama'a, kuma kada a bar jirgin ya haura inda ido ke iya bambance hancinsa da wutsiyarsa.